Shanyar Inna da Jirgin Sakkwato

Shekarun baya can, lokacin da aka canza kuɗi tsofaffi suna ta mitar a bar musu sulensu, ni ina malamin firamare a Batsari. Ɗaki ɗaya aka ba ni a bayan makaranta, da gadon ƙarfe da fitilar ƙwai, sai kekena da ke jingine a bakin ƙofa. Ban yi aure ba tukuna, kuma ni ba mutumin majalisa ba ne, saboda haka da an tashi yara sai garin ya yi mini faɗi. In zauna in yi ta juya 'yan littattafaina har na kusa haddace su. Duk ƙarshen mako nakan hau keken nan in nufi Tsaskiya, a ƙasar Safana, wajen mahaifiyata.

Mu biyu ne maza a wurinta, ni da wana. Mahaifinmu ya rasu tun ina makarantar horon malamai, 'yan'uwanmu mata kuma kowacce tana ɗakinta a wani gari. Wana ya tafi Kano tun yana saurayi, ya fara da gyaran mota, Allah ya buɗa masa ya zama makaniken jirgin sama. A Tsaskiya kuwa ba wanda ya yarda makanike ne. Kowa cewa yake direban jirgi ne, mu ma da muka gaji da gyara musu sai muka ƙyale su.

Mahaifiyata a ruga ta tashi, kuma kunyar ɗan fari a wurinta ba abin wasa ba ne. Yaran yanzu ba lallai su gane wannan ba. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunan wana a bakinta ba. "Mutumin nan" take ce masa, ko "na Kano". Idan ya zo ya durƙusa gaishe ta, sai ta kau da kai ta amsa wa bango. Amma a ranar sai zabuwa ta rasa ranta, kuma man shanun da ni Auta nake roƙo ana hana ni sai ya fito daga inda aka ɓoye shi. Idan na yi ƙorafi sai ta ce zabuwar ce ta cika ɓarna a gonar maƙwabta.

Jirgin da ke tashi daga Kano zuwa Sakkwato ta kanmu yake bi. Mai farfela biyu ne, ba ya hawa sama sosai, kuma da hantsi yake wucewa. Tun daga nesa za ka ji rurinsa, ka ɗaga kai inda ƙarar take, ga shi nan kuwa, har wani lokaci inuwarsa ta ratsa gonar gero. Irinsa wana yake gyarawa, jefi-jefi ma akan tafi da shi a ciki.

A bayan gidanmu akwai wani shimfiɗaɗɗen dutse inda mahaifiyata take shanya kuɓewa da barkono. Wani hutu da na daɗe a gida sai na lura da wani abu. Da zarar rurin nan ya fara, sai ta ajiye abin da take yi ta ce, "Bari in duba shanyata, kajin nan ba su da kirki." Ban kawo komai a raina ba, sai ranar da aka kwana ana ruwa, na san ko ƙwayar barkono babu a kan dutsen, amma jirgi na tasowa ta miƙe ta ce za ta duba shanya. Na bi bayanta a hankali. Na same ta tsaye a kan dutsen, ta yi wa idonta rumfa da tafin hannu, leɓunanta suna motsi. Ba ta sauke hannun ba sai da jirgin ya ɓace ta yamma.

Da ta juyo ta gan ni sai ta haɗe rai. "Mi kake nema nan?"

Na ce, "Ba komai, Inna."

"Shaho nake dubawa," in ji ta, ta wuce ni ta shige gida. Daga ranar na daɗe ban sake bin ta ba, ban kuma taɓa ɗaga maganar ba.

Da babbar sallah ta wata shekara wana ya zo da labari. Kuɗin mai sun fara shigowa, an sayo sababbin jirage marasa farfela, waɗanda ake kira jet, kuma za a mayar da shi Ikko ya koyi aikinsu. Muna zaune a tsakar gida a gindin darbejiya, mahaifiyata tana bayan zana tana surfe, wai ita ba ta jin abin da muke cewa.

Ni kuwa a lokacin ji nake duk ƙasar Katsina ba wanda ya kai ni sanin kimiyya, don na karanta wani tsohon littafi da bangonsa ya yage. Na gyara zama na ce, "Yaya, na karanta cewa injin mai farfela ƙarfinsa ya kai na dawaki dubbai. Shi wannan jet ɗin naku dawaki nawa ne?"

Ya yi dariya. Malam yake ce mini idan zai tsokane ni. "Malam, shi ba a auna shi da doki. Da turi ake auna shi, wato nauyin da zai iya tunkuɗawa gaba."

"To ai ba ka amsa mini ba. Wanne ya fi ƙarfi?"

"A wane gudu?"

Na ce masa wannan kauce wa tambaya ne, ko ɗan aji uku ya ba ni irin amsar nan sai ya sha bulala. Sai ya jawo wani faifai da ke gefe ya riƙa kaɗa shi. Ya ce farfela kamar faifan nan take, tana ɗibar iska mai yawa ta tura ta baya a hankali. Shi ya sa daga tsaye take da ja, ta fizgi jirgi ya ɗaga a ɗan gajeren fili. Amma da gudu ya ƙaru sai jan nata ya riƙa raguwa, har a kai inda ba ta da abin ƙarawa. Jet kuwa iska kaɗan yake haɗiya, ya ƙona ta da mai, ya feso ta baya da tsiya. Turinsa kusan ɗaya ne, ko yana rarrafe ko ya miƙe. A ƙasa nauyin jiki gare shi, sai ya daɗe yana gudu a dogon titi kafin ya tashi. Amma in ya hau can sama ya sami hanya, duk ƙarin gudu ƙarin aiki ne, a nan mai farfela ba zai ko hango shi ba.

"Ka ɗaure jet a wuri ɗaya ya yi ta ruri," in ji shi, "turi na nan, amma aikin da ya yi ko na jaki bai kai ba, tunda bai kai kowa ko'ina ba. Shi ya sa in ba ka faɗi gudun ba, ba a haɗa su."

Na gane rabi, rabin kuma na gyaɗa kai don kada a raina ni. Na yanke hukunci da babbar murya cewa jet ya yi nasara, kamar wani ya naɗa ni alƙali.

Sai muka ji taɓarya ta tsaya a bayan zana. Mahaifiyata ta ce, "Auta."

"Na'am, Inna."

"Tambaye shi, shi sabon nan yana sauka Katsina?"

Wana yana jin ta sarai, amma ni ya kalla ya amsa. "Gaya wa Inna ba ya sauka. Filin Katsina ya yi mashi kaɗan, sai irin na Kano."

Na maimaita mata kamar tafinta. Ta ce, "To." Taɓarya ta ci gaba.

Ranar da zai koma na goya shi a keke zuwa bakin hanyar mota. Muna jiran motar 'yan kasuwa sai ya ce, "Af, na manta ban gaya maka ba. Idan sabon ya fara bi ta nan, kada ka duba inda kake jin ƙara. Yana can sama ƙwarai, ga gudu, kafin ƙararsa ta sauko ƙasa shi ya yi gaba. Ka duba gaban ƙarar, can nesa, nan za ka gan shi." Na ji daɗin wannan ilimi har na koya wa 'yan ajina mako na zagayowa, ban kuma ce daga wajen wani na ji ba.

Ba a daɗe ba mai farfela ya daina bi ta kanmu. Wanda ya gaje shi ba ya ruri, wani irin gurnani yake kamar hadari na nesa, kuma shi kansa ɗan fari-fari ne kamar allura. Mutanen Tsaskiya suka yi ta ɗaga kai suna duba inda ƙarar take, ba su ga komai ba, har wasu suka ce sabon jirgin layar zana gare shi.

Mahaifiyata ba ta fasa duba shanya ba. Sai dai a lokacin yanar ido ta fara rufe mata gani. Daga nesa nakan hango ta a kan dutsen, ta juya gabas inda gurnanin yake, ta yi rumfa da hannu tana kallon sama wayam, jirgin kuwa tuni yana can yamma. Abin ya riƙa ci mini rai. Wata rana na kasa daurewa, na je na kama kafaɗarta na juya ta, na ce, "Inna, shahon yana ta can."

Ta ƙura ido inda na nuna, ta daɗe. Sannan ta ce, "Ba na ganin komai, Auta. Bar ni da inda nake ji." Ta koma ta fuskanci gabas.

Daga Ikko zuwa gida ba kamar daga Kano ba ne. Sallah ta zo ta wuce wana bai zo ba, wata ta sake zuwa bai zo ba. Yakan aiko da turamen zane da sabulu mai ƙamshi, har da rediyo. Ta sa zannuwan a adaka ba ta ɗinka ba. Ni kuma na rasa abokin gardama. A Batsari in zauna ni kaɗai a ɗaki, a Tsaskiya mu zauna mu biyu shiru, kowa ya san wanda ɗan'uwansa yake tunani, ba mai iya faɗa. Ban taɓa jin kaɗaici irin na shekarun nan ba, kuma in faɗi gaskiya har haushin wana na riƙa ji.

Cikin tsakiyar wata damina ciwo ya kwantar da ita. Na nemi izini a makaranta na dawo gida, ƙanwarta da ke aure a Wagini ita ma ta zo jinya. Da na ga jikin ba sauƙi sai na ce, "Inna, ko in aika wa Yaya?"

Ta ce, "Kada ka tada mutane daga aikinsu."

Na bar maganar. Washegari da hantsi ina zaune a bakin gadonta, hadari ya rufe sama, sai ta buɗe ido ta ce, "Auta, yau jirgin mutanen nan bai wuce ba halan?"

Tunda nake da ita ba ta taɓa ambaton jirgin da bakinta ba, kullum shaho ne ko kaji. Na tashi na ɗauki keke na kama hanyar Dutsin-Ma, inda gidan waya yake. Rabin tafiyar ni na ɗauki keken a kafaɗa saboda laka. Na buga masa waya ta tangaraho cewa ya taho duk abin da yake yi, na juyo gida ina lissafi a raina. Jet ne fa, na ce wa kaina. Wanda yake aiki da abin da yake riga ƙararsa isa wuri, ai kafin a ce wani abu ya iso.

Da na dawo ban gaya mata inda na je ba, ita ma ba ta tambaya ba. Amma ta ce wa ƙanwarta a kama zabuwar nan mai ɗingishi a ɗaure, wai tana shiga gonar mutane. Duk motsin da aka yi a zaure sai ta juya kai wajen ƙofa.

Kwana biyu tana jira. A na uku da safe, rana ta ɗan ɗaga, Allah ya karɓi abarsa. Na roƙi liman a ɗan jinkirta jana'iza ko wana zai iso, ya dube ni da tausayi ya ce, "Malam, haƙƙinta ne a gaggauta. Ba mu san inda yake ba, ga zafi ga damina." Gaskiya ya faɗa. Kafin azahar mun kai ta.

Wana ya iso washegari da la'asar, takalmansa a hannu, wandonsa laka har gwiwa. Tun daga bakin gari ya ga tabarmi a ƙofar gida, saboda haka ba sai an gaya masa ba. Ya zauna a cikin mutane ya karɓi gaisuwa, ana ta "Allah shi jiƙanta, Allah shi ba da haƙuri", yana amsawa da "amin" kamar ba shi ba.

Sai da mutane suka ragu ya ba ni labarin tafiyar. Wayar ta kwana kafin ta same shi. Da ta same shi ya sami kujera a jirgin farko, kuma daga Ikko zuwa Kano ko shayin da aka ba shi bai gama hucewa sosai ba suka fara sauka. Daga Kano ne tafiya ta zama tafiya. Motar da ya hau ta lalace a hanya suka kwana a daji, da gari ya waye suka tarar ruwa ya cinye wata kwalbati, sauran kuma da ƙafa ya ƙarasa, ya jira rafi ya janye sannan ya haye.

"Da ina Kano kamar da," in ji shi, "akwai ƙananan nan masu farfela da kan leƙa Katsina. Duk na san direbobinsu. Da na roƙi wani ya sauke ni, wataƙila da na same ta." Sannan ya ƙara da cewa, "Wataƙila dai."

Ban tuna masa tambayar da ta yi daga bayan zana ba. Na ga alama shi ma ita yake tunawa.

Ranar addu'ar uku, bayan an watse da hantsi, muka rage mu biyu a zaure. Ya daɗe yana wasa da bakin tabarma, sannan ya yi tambayar da na san tana nan tafe.

"Auta, ta ambace ni?"

Na so in ce e, amma ya san ta kamar yadda na san ta, zai gane ƙarya ce. Na ce, "Ba ta kira sunanka ba, Yaya."

Ya gyaɗa kai. "Na sani. Ni dai tun ina yaro ban san ko tana..." Bai ƙarasa ba.

Na ce masa ya taso. Na kai shi bayan gida, muka hau dutsen shanya, na ba shi labarin duka. Na gaya masa maganar kaji da shaho, da ranar da ta fito duba shanya alhali babu komai a kan dutsen, da yadda leɓunanta ke motsi har jirgi ya ɓace. Na gaya masa ko da ido ya tafi ba ta fasa fitowa ba. Na nuna masa daidai inda take tsayawa. Shi duk shekarun nan bai sani ba, don idan yana gida ba ta fita, tunda wanda take fita dominsa yana tsakar gida yana cin zabuwa.

Muna tsaye a nan sai gurnanin ya fara daga gabas. Ni da sabo na juya yamma, na kuwa hango shi, ɗan fari-fari yana ratsa tsakanin gizagizai. Na buɗe baki zan ce ga shi can, sai na waiwaya na ga wana. Mutumin da ya koya mini kada in duba inda ƙara take, ga shi ya fuskanci gabas, ya yi wa idonsa rumfa da tafin hannu, yana kallon inda babu komai, hawaye na bin gemunsa. Na rufe bakina. Muka tsaya har ƙarar ta mutu.

Wana ya yi shekaru yana aikinsa har ya yi ritaya, ya dawo Katsina da zama, yanzu shi ma ya riga mu gidan gaskiya. Mun yi gardama a kan abubuwa da yawa bayan nan, amma ba mu sake yin ta wane jirgi ya fi ƙarfi ba. Na dai riƙe tambayarsa, a wane gudu, na kuma ƙara da ta mahaifiyata, a ina yake sauka. Abin da ya fi komai sauri ya kawo shi Kano cikin ƙiftawar ido, amma Inna ba a Kano take ba.

Yau na tsufa, ni kaɗai na rage a cikin waɗanda suka san dutsen nan da abin da ake yi a kansa. Har yanzu ina kewarsu su biyun, kewa mai tsanani, musamman da hantsi. Idan na ji jet yana wucewa na san sarai inda zan duba in gan shi, ni da na koya wa yara hakan shekara da shekaru. Amma gabas nake juyawa.